Tankin Inna Safiyatu Mai Wankan Gawa

A unguwannin da suka tashi ta wajen hanyar Rijau, idan mace ta cika, kafin a sayo likkafani, kafin maza su tafi haƙar kabari, gidan Inna Safiyatu ake fara aikawa. Ita ce mai wankan gawa. Doguwa ce siririya, ba ta da yawan magana, kuma ba ta taɓa karɓar ko sabulu a kan wannan aiki ba. Idan an kira ta sai ta yafa mayafinta, ta ɗauki jakar da take ajiye ganyen magarya da kafur, ta bi ɗan aike ba tare da ta tambayi gidan waye ba.

Asalinta 'yar cikin gari ce. Gidansu gidan malamai ne da suka zauna a Kontagora tun kafuwar garin, mahaifinta kuwa magatakarda ne a kotun alƙali. A tsakar gidan akwai wata tsohuwar rijiya da igiyar guga ta ci itacen bakinta har ya yi zurfi, kuma tun da Safiyatu ta yi wayo ba ta taɓa jin an ce ta ƙafe ba. Maƙwabta na shigowa su ɗiba, masu wucewa su yi alwala. A lokacin ba wanda yake lissafa ruwa cikin abubuwan da ake rasawa.

Wankan gawa a wajen goggonta Ruka ta koya. Tana da 'ya ɗaya a goye sa'ad da Goggo Ruka ta fara janta, wai ta riƙa zuba mata ruwa. Ranar farko buta ta yi ta ƙwace mata. Da suka fito, tsohuwar ba ta yi mata faɗa ba, sai ta ce, "Safiya, wadda kika gani kwance tana jin kunya kamar yadda kike ji, sai dai ba ta da bakin da za ta ce a rufe ta. Ke ce bakinta, ke ce hannunta. Ki yi mata wanka sau uku, a hankali, kamar za ta tafi gidan miji." Da wannan ta riƙe aikin bayan ƙasa ta rufe idon goggon.

Mijinta Malam Abdulkahar malamin firamare ne. Sun zauna a Nasko, sun zauna a Rijau, duk inda aka tura shi ta bi shi. Da ya kusa barin aiki sai ya sayi fili a bakin gari, inda gonakin dawa suka kewaye su ta ko'ina, har 'yan'uwanta suka riƙa yi mata tsiya cewa ta koma daji. Ya gina ɗakuna ya rufa musu kwano, ya haƙa rijiya, ya dasa mangwaro a tsakar gida. Ba a yi nisa da haƙa ba ruwa ya ɓullo. Daga baya ma aka jawo musu famfo. A ƙarƙashin mangwaron nan Malam yake shimfiɗa buzunsa bayan la'asar, a nan ciwon ajali ya fara kama shi, a gidan kuma ya rasu ya bar ta da 'ya'ya mata da suka yi aure da autanta Mansur.

Garin bai tsaya jiran kowa ba. Gonakin dawa suka zama fuloti, fuloti suka zama gidaje. Ma'aikata suka zo, 'yan kasuwa suka zo. Sai kuma rashin zaman lafiya ya koro mutanen ƙauyuka daga wajen Kumbashi da sauran ƙasar Mariga, suka shigo da tabarmi da tukwane, suka raɓe a kangaye da gine-ginen da ba a ƙarasa ba. Famfo ya koma zuwa jefi-jefi, sannan ya koma huci kawai idan an murɗa, sannan ya yi shiru. Masu hali suka kira injin haƙa, kowa ya huda bohol a gidansa ya ɗora tanki a sama. Rijiyoyin talakawa suka fara ja da baya. Ta Inna Safiyatu, wadda a da take kai su har faɗuwar ruwan fari, ta koma ƙafewa tun ana tsakiyar rani. An yashe ta, an ƙara mata zurfi, sai laka.

Duk wannan ta ɗauke shi a matsayin wahalar zamani, irin wadda ake haƙuri da ita. Tana sayen ruwa wajen 'yan ga-ruwa kamar kowa, tana yi wa surukarta Zinatu, matar Mansur, faɗa idan ta ga ta zubar da ruwan wanke-wanke maimakon ta kai banɗaki. Abin da ya sauya ta ya faru ne a wata bazara mai tsananin zafi.

Da hantsi maƙwabciyarta Christiana ta yi sallama. Christiana ma'aikaciyar jinya ce da ta bar aiki, mutuniyar ƙasar Rijau, Hausarta da ɗan karin Dukanci, yaren mutanen can. Shekaru suna katanga ɗaya, suna aika wa juna abinci da Sallah da Kirsimeti, kowa a unguwar kuma Maman Charity yake kiranta.

"Inna, ki zo," in ji ta. "Yarinyar nan Salihatu da nake dubawa a kangon bayan makaranta, ta tafi. Ciwon ciki ne da zazzaɓi. Ruwan rami suke sha. Na ce a kai ta asibiti, kafin mijin ya samo mai babur rai ya yi halinsa."

Inna Safiyatu ta yi salati, ta ɗauki jakarta.

Ginin ba ƙofa ba taga, an rufe rabinsa da buhunan siminti da aka ɗinke. Salihatu na kwance a kan tabarma, yarinya ce da ba ta wuce ƙuruciya ba, ta rame har ƙasusuwan wuyanta sun fito. Uwar mijinta, wata tsohuwa daga Kumbashi, tana zaune a gefe riƙe da jikoki biyu. Inna ta gyara wa mamaciyar rufa, ta juya ta ce a kawo ruwa.

Tsohuwar ta nuna wani bokiti. Abin da ke ciki jajir ne, ana ganin abubuwa na motsi a ƙasa.

"Ba wannan ba," in ji Inna. "Mai tsabta."

"Shi ke gare mu."

An daɗe ba a kawo wuta ba, masu bohol da ke sayar da ruwa sun rufe famfunansu domin tankunansu sun bushe. 'Yan ga-ruwa sun tura kurarsu can nesa tun asuba, ba wanda ya dawo. Mijin Salihatu ya bi gida-gida da jarka, aka riƙa ba shi haƙuri ta bayan ƙyaure. Ba mugunta ba ce, kowa na da yara. Rana ta take, gawa kuwa ba ta jira a irin wannan zafi. Inna ta koma gidanta ta kwashe abin da ya rage a randa, Christiana ta kawo jarkar da ta ɓoye ta sha, wasu mata biyu suka kawo kofi-kofi. Da aka haɗa bai cika bokiti biyu ba.

Christiana ta ba ta safar hannu ta fita. Aka ɗora mamaciyar a kan wani katako da aka jingina bisa bulo. Inna ta yi mata alwala, ta fara da dama, tana zuba ruwa da tafin hannu don kada ɗigo ya tafi a banza. Tun kafin ta gama ɓangaren hagu ta san ba zai kai sau uku ba. Ta san kuma sau ɗaya ya halatta, ta ji wannan a bakin mahaifinta. Amma ba ta taɓa sallamar mace da wanka ɗaya ba.

Tana cikin haka ta ji ƙarar wani abu a ƙasa. Ta duba, sai ta ga tsohuwar ta lallaɓo ta tura roba a ƙarƙashin katakon, ruwan da ke sauka daga jikin gawar yana taruwa a ciki.

"Iya, me kike yi?"

Tsohuwar ba ta ɗago kai ba.

"Cire robar nan. Ruwan gawa ne. Ƙasa ake bari ta sha."

"Na sani," in ji tsohuwar a hankali. "Ni ma na wanke mutane a garinmu. To ki gaya mini, da me zan wanke zanen da ta mutu a kai? Shi yaran nan za su kwanta a kai yau."

Inna Safiyatu ta tsaya da hannu a sama. Ta sunkuya da kanta ta janye robar, ta zubar a gindin bango, tsohuwar na kallonta. Ta ƙarasa wankan, ta shafa kafur, aka naɗe Salihatu, maza suka ɗauka. Da ta koma gida ta ciro zannuwanta biyu daga akwati ta aika wa tsohuwar, ta sa Christiana ta ƙone wancan. Ranar ba ta ci tuwo ba.

Bayan 'yan makonni ruwan fari ya sauka. Tana tsaye a bakin ɗakinta tana kallon yadda yake kwarara daga kan kwano, ya cika tsakar gida, ya fita ta rariya, ya haɗu da na maƙwabta ya zama kogi a kan titi, yana jan ledoji yana tafiya. Zinatu ta tara bokitai da baho, suka cika nan take, sauran ya wuce. Abin da ta gani duk shekara ne, amma wannan karon sai ta ji kamar ana kwashe mata hatsi daga rumbu tana kallo.

Ta faɗa wa Christiana. Christiana ta ce ai a wani ƙaramin asibiti da ta yi aiki ta wajen Nasko, an yi rami babba an gine shi da bulo an shafe da siminti an rufe samansa, duk ruwan kwanon asibitin a ciki yake zuba. Da shi suke wanke masu haihuwa har bazara. Inna ta yi ta yi mata tambayoyi: zurfinsa, faɗinsa, yadda ake hana shi tsutsa, yadda ake ɗiba.

Akwai shanu da take kiwo a hannun wani Bafillace tun zamansu a Nasko. Kowa a gidan ya san na kujerar Makka ne. Ta kira Mansur, wanda ke sayar da kayan gyaran babur a kasuwa, ta ce ya je ya sayar da su.

Mansur ya yi murna, ya zaci tafiyar ce ta zo. Da ya ji abin da za a yi da kuɗin sai ya zauna a ƙasa gabanta.

"Inna, don Allah ki saurare ni. In ruwa kike so, bohol za a yi. Na ƙara abin da nake da shi, mu sa sola, mu sha mu sayar, ki ba wa wanda kika ga dama kyauta. Rami kuma? Mutane za su ce mun taɓu."

"Bohol nawa ne a layin nan?"

"Suna da yawa."

"Kafin su zo rijiyar ubanka tana ƙafewa?"

Ba ta jira amsarsa ba, ta ci gaba.

"Kowa ya huda ƙasa yana zuƙa, ba mai mayar mata. Idan na yi nawa, rijiyar wani zan ƙarasa shanyewa. Wanda Allah ke zubo mana a kan kwano kuwa ba na kowa ba ne, kuma muna barinsa ya bi titi."

"To Makka fa?"

"Wanda ya kira mutane can ya san inda nake. In da rabo zan je."

Ya tashi ransa a ɓace, amma ya je ya sayar da shanun.

Magini Mika'ilu ne ya karɓi aikin da kaka. Ya zagaya tsakar gidan, ya ce wuri ɗaya ne zai ɗauki ramin, kuma sai an sare mangwaro, domin saiwarsa za ta nemi danshi ta fasa bango. Inna ta ce a yi ramin, a bar itacen. Ya sake faɗa, ta sake maimaitawa. Ya ce, "To Inna, gidanki ne," ya sa aka fara haƙa. Aka jera bulo, aka shafe, aka zuba rufi da rodi, aka bar ƙaramar ƙofa da murfin ƙarfe. Aka kewaye kwanon gidan da indararo, aka haɗa su da bututu mai raga a baki. Masu wucewa na leƙowa. Wata ta ce mai wankan gawa ta gaji da jira, ta haƙa nata kabarin tun da wuri. Maganar ta dawo kunnen Inna, ta sa aka ci gaba da aiki.

Damina ta zo. Ta bar ruwan farko ya wanke kwano ya zube waje kamar yadda Christiana ta ce, sannan ta juya bututun. Kafin tsakiyar damina tankin ya cika. Ta sa kwaɗo ta rufe.

Da rani ya yi nisa ta buɗe don ta duba, ta zura guga, igiya ta yi ta tafiya. Ruwan da ya rage bai kai gwiwa ba. Mika'ilu ya sauka da tocila, ya fito riƙe da wata saiwa fara kamar zaren lilo. Bai ce na faɗa miki ba. Ya ajiye ta a bakin murfin kawai.

Ta zauna a gindin mangwaron har inuwa ta juya. Washegari ta aika aka kira masu gatari. Ba ta tsaya kallo ba, ta tafi cikin gari gidan ƙaninta, sai da yamma ta dawo ta tarar da tsakar gida fayau, rana ta ko'ina. Itacen ta raba wa matan da ke zaune a kangaye su yi girki.

A ranin nan ne kuma Zinatu ta lura da wani abu. Ta jefa guga a rijiyar gidan don ta ciro murfin tukunya da ya faɗa, sai gugan ya fito da ruwa, a watan da rijiyar ta saba zama busasshiya. Ba shi da yawa, kuma bai kai su bazara ba. Amma ruwan rijiyar Christiana ma ya ɗan daɗe fiye da yadda ya saba. Mika'ilu ya ce ba mamaki ruwan da ya tsiyaye daga tankin ne ya zauna a ƙasa, bai tafi ko'ina ba. Da ya zo toshe tsagar, Inna ta sa ya haƙa wani rami kusa da rijiyar ya cika shi da duwatsu da tsakuwa, domin idan tanki ya cika, rarar ta nutse a nan maimakon ta fita titi.

Shekara ta biyu tankin ya riƙe ruwansa. A nan wata wahalar ta fara. Inna ta ce ba za a buɗe ba sai rijiyoyi sun ƙafe, sai 'yan ga-ruwa sun gagara. Idan an buɗe kuma, gawa ce farko, sai mai jego, sai mara lafiya, sannan na sha. Makullin yana ɗaure a bakin zanenta. Mutanen da suka yi dariya a da suka fara sallama da bokitai tun sanyi bai wuce ba. Ta riƙa ba su haƙuri. Wani maƙwabci mai aurar da 'ya ya aiko a ba shi na girkin biki, ta ce a gaishe shi, Allah ya sa albarka, amma babu. Matarsa ta daina gaishe ta. Aka fara cewa tsohuwa ta zauna a kan ruwa tana rowa.

Wadda abin ya fi ci ita ce Zinatu. Wata rana ta dawo daga layin bohol da jarka a ka, ga ciki tsoho, ta dire ta a tsakar gida, hawaye na zuba.

"Inna, a kan ruwa nake tafiya a gidan nan, a kansa nake shanya, a kansa nake tankaɗe. Sannan in fita in tsaya a rana ana zagina a layi, ana cewa me ya kawo 'yar gidan tanki. Matattu sun fi mu ne?"

Inna ta daɗe tana kallon ƙafafun yarinyar da suka kumbura.

"Ba su fi ku ba," ta ce. "Kuma na yi kuskure da na bari kika fita da wannan cikin. Daga yau ba ke ba layi, mijinki zai ɗebo ko ya aiko. Amma in na buɗe don gidana yau, gobe ba ni da bakin hana gidan kowa, kafin bazara kuma ya ƙare. Ke ma haihuwarki a bazara za ta faɗo."

Zinatu ta shige ɗaki. Sun yi kwanaki gaisuwa ce kawai tsakaninsu. A bazarar ta haihu, kuma da ruwan tankin aka dafa mata na wankan jego har ta yi arba'in. Ba su taɓa komawa kan maganar ba.

Da zafi ya kai maƙura, Inna ta buɗe. Da safe take zama a kan turmi kusa da murfin, ita ke zura guga da hannunta. Wanda ya zo da labarin rasuwa ba ya bin layi. Matan kangaye su ma suna zuwa, har da tsohuwar nan ta Kumbashi, wadda take karɓar nata ta yi godiya a taƙaice ta wuce. A shekarar ba macen da aka yi wa wanka ɗaya a hannun Inna. Amma tanki ɗaya ba ya shayar da unguwa. Ya ƙare saura kaɗan ruwa ya sauka, aka koma neman na saye.

Ganin haka ta fara magana, ita da ba ta da yawan magana. Aikinta ya ba ta abin da ko mai unguwa ba shi da shi: ba gidan da ba ta shiga har ƙurya. Idan ta koma gaisuwa ranar sadakar uku, bayan an yi addu'a, sai a ga ta ɗaga kai tana kallon kwano. Har mata suka gane, suna cewa, "Inna, ta'aziyya kika zo ko duba indararo?" Sai ta ce duka biyun. Ta ce wanda ba shi da halin tanki ya haƙa ramin duwatsu kusa da rijiyarsa, wannan ƙarfin hannu kawai yake ci. Ta ce a daina malale tsakar gida kaf da siminti, a bar wa ƙasa inda za ta sha.

Wasu sun ji. Liman ya zo da kansa ya duba, aka yi tanki a masallacin unguwa saboda alwala. Christiana ta kai maganar cocinsu, su ma suka yi. Gidaje kaɗan a layinsu suka haƙa ramin duwatsu, rijiyoyin layin suka ƙara 'yan makonni kafin su ƙafe. Da yawa kuma ba su ji ba. 'Yan haya suka ce gida ba nasu ba ne. Masu gida suka ce wurin da za a yi rami ɗaki ne za a gina a ba da haya. Wasu suka fara, suka bari ragar ta toshe, sauro ya samu wurin zama, suka cike ramin suna zagin wanda ya kawo shawarar.

Mansur bai sauya ra'ayi ba. Ya haɗa kai da abokan kasuwarsa suka haƙa bohol mai sola kusa da shagunansu. Ya zo ya gaya mata da kansa, yana jiran faɗa. Ta ce Allah ya sa a amfana. Shekarar da damina ta yi jinkiri sosai, tankinta ya bushe ƙarƙaf, aka yi rasuwa biyu a mako guda, ita ce ta aika masa ya kawo jarkoki daga can. Ya kawo, bai yi mata gori ba, ita ma ba ta yi kamar ba ta san daga ina ruwan ya fito ba.

Yanzu gwiwoyinta sun yi nauyi, idonta na dama ya fara hazo. Ba ta je Makka ba. Idan an kira ta nesa, Mansur ke rufe shago ya ɗauke ta a babur, da jarka biyu ɗaure a baya, domin ta daina zuwa gidan rasuwa hannu sake.

A bazarar da ta wuce an kira ta wata sabuwar unguwa da ba ta taɓa jin sunanta ba, can bayan inda take zaton gari ya ƙare. Suka bi wata hanya da ba a gama sharewa ba. Hagu da dama harsashin gini ne, da tarin yashi, da bulo da aka jera a rana. A wani fili ta ga motar tanka na zuba ruwa a kan sabon bulo, wani mutum cikin farar shadda yana tsaye yana nuna wa ma'aikata inda za su ja igiya. Ta taɓa kafaɗar Mansur ta ce ya tsaya.

"Inna, ana jiranmu."

"Na sani. Tsaya."

Ba ta sauka ba. Mansur ya yi wa mutumin sallama, shi kuma ya matso ya rusuna ya gaishe ta.

"Ɗana, gidanka ne?"

"In Allah ya yarda, Inna."

"Allah ya sa a shiga lafiya. Ina za ka sami ruwa?"

"Bohol za a yi."

"To. Kafin ka rufe ko'ina da gini, ka bar wuri a tsakiya kamar faɗin ɗaki ɗaya. Kwanon da za ka ɗora zai tara maka ruwan da ba ka zata ba. Idan ka tashi, ka tambayi gidan mai wankan gawa a bayan hanyar Rijau, ka zo ka ga yadda aka yi."

Mutumin ya dubi Mansur, ya dubi jarkokin, ya dubi igiyar da aka riga aka ja daga kusurwa zuwa kusurwa. Ya yi murmushin ladabi.

"To, Inna. Allah ya kai mu lokacin."

Ta san irin wannan amsar, ta sha jinta. Ta gyara mayafinta, ta ce wa Mansur su tafi. Babur ya ci gaba a hankali saboda ramuka, ruwa na kaɗawa a cikin jarkokin, har suka hango gidan rasuwar, inda maza suka shimfiɗa tabarmi a inuwar wata katanga da ba a gama ba.